Ranar da Ba Umara Ya Karya Hannun Mahfuz

Shekara goma sha ɗaya ina walda a unguwar Abbaganaram da ke Yerwa, shagona na kallon filin gwangwan na Ba Umara. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, kuma ban taɓa son maƙwabci kamarsa ba.

A Yerwa aka haife shi, gidan maƙera, amma ya bar ƙira ya koma sayen tsofaffin ƙarafa. Shi da wani Bakano, Nasidi, suka haɗa jari suka kama filin. Daga nan gidaje biyu suke ci, baki ya fi ashirin. Aikinsu mayen ƙarfe ne ke raba shi: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, a jefa tari, abin da ya ƙi kamawa, jan ƙarfe ko tagulla, shi ne mai tsada, a sa guduma a ɓamɓare shi.

Wata rana ma'aikaciyar ofishin muhalli, Malama Ladi, ta zo da takarda. Ta ce doka ta kasa shara gida biyu, mai haɗari da marar haɗari. Mai haɗari ita ce wadda ke fashewa, ko kama wuta, ko cin fata, ko mai guba, ko mai ɗauke da cuta.

"Baba, wanda ba ka san ko mene ne ba, ɗauke shi mai haɗari har a bincika," in ji ta. "In guda ɗaya ya shiga tarin nan, duk tarin ya zama mai haɗari, rufe filin za a yi."

Ba Umara ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake cikin ƙarfe. Takarda ce za ta koya mini?"

Ni ma na taya shi dariya, Allah Ya yafe mini.

Bayan wata huɗu wata a-kori-kura ta kawo kaya daga ƙauyukan da rikici ya tasa. A ciki akwai wani dogon abu mai nauyi, ya yi tsatsa, da zoben jan ƙarfe a gindinsa. Nasidi ya sa mayen ƙarfe, zoben ya ƙi kamawa. Ya yi murmushi, ya danne abin da ƙafa, ya ɗaga guduma. Harsashin igwa ne da bai tashi ba.

Da hantsi ne. Ƙarar ta jefa ni bayan shago, kwanon rufi ya faɗo mini a kai. Da na fito, hayaƙi da warin ƙuna sun cika layi. Ba Umara na rarrafe cikin jini, yatsunsa uku na hagu babu, yana ƙwala wa Nasidi kira. Nasidi kuwa a tabarma muka tattara shi.

Wata bakwai filin yana rufe. Gidajen nan biyu suka ga yunwa ido da ido. Da idona na ga matar Nasidi ta fitar da katifarta ta sayar. Da aka buɗe, Malama Ladi ta gargaɗi Ba Umara cewa in aka sake samun irin wannan a tarinsa, ya yi sallama da filin.

Ba Umara ya dawo wani mutum daban. Ya daina dariya. Kullum da rodi a hannunsa yana zaga tari, batir gefe, gwangwanin maganin ƙwari gefe, alluran asibiti gefe. Wanda ya haɗa su ya sha zagi cikin Kanuri da Hausa, wani lokaci har da mari. Ƙanen Nasidi, Mahfuz, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ya gaji rabon wansa a filin.

Bara da damina, ina cikin aiki na ji hayaniya. Na tarar da Ba Umara da Mahfuz tsaye a kan wani abu da ya ɓullo daga ƙasan sabon kaya. Irin wancan ne sak, har zoben.

"Zan kira Malama Ladi," in ji Ba Umara.

"Ka kira ta a rufe mu?" Mahfuz ya ce. "Baba, marayun yayana me za su ci? Wannan ya mutu, dubi tsatsa. In cire zoben, mu tura sauran cikin lodi, ba mai sani."

"Matsa daga nan."

Mahfuz bai matsa ba. Ya durƙusa ya ɗauki guduma. Ni kuwa na kama salati. Gudumar na sama Ba Umara ya sauke masa rodi a dantse. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Mahfuz ya kurma ihu, ya kai masa karo da ka a baki, haƙoran tsohon biyu suka zube. Suka yi ta birgima cikin ƙarafa, taku uku daga abin, jini na zuba, har Ba Umara ya shaƙe shi ya ja shi bakin titi kamar buhu. A nan ya zauna a kansa, ya miƙo mini waya da hannun nan mai yatsu biyu.

"Kira ta. Bakina ba zai iya ba."

Masu kwance bam suka zo suka kwashe mutanen layi, suka ɗauke abin. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini harsashin da ransa yake. Aka rufe filin, har yau ba a buɗe ba.

Yanzu Ba Umara rake yake sayarwa a baro, a Jiddari Polo. Hannun Mahfuz ya sha ɗori ya warke a karkace, ba ya iya ɗaga guduma, kuma ko a masallaci ba ya gaishe da Ba Umara. Uwar Mahfuz, wadda ita ce ta haifi Nasidi, duk ranar da ta bi ta gaban baron, sai ta tsaya ta yi masa Allah Ya isa, ta ce ya raba su da abinci ya kuma nakasa mata ɗa.

Rannan a gabana ta yi, raina ya ɓaci, na ce wa Ba Umara me ya sa ba zai rama ba. Ya ci gaba da feren rake, bai ɗago kai ba.

"Bar ta," ya ce. "Wannan karon ta samu hannun da za ta kai ɗori. Hannun Nasidi kuwa kwana uku ina nema a cikin ƙarafa ban gan shi ba. Ban taɓa gaya mata ba."