Katakon Kawu a Jikin Bango

Kawuna kafinta ne, shekara arba'in yana shagonsa na ƙarshen layi, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira. Bai taɓa zama aji ba, amma in ya kalli ƙofa sau ɗaya zai gaya maka faɗinta, ka auna ka ji kunya. Zarto ya taɓa cinye masa kan ɗan yatsa, shi ya sa yake cewa lissafinsa tara da rabi ne.

Ni malamar aji ɗaya ce, kuma jikarsa Auta tana ajina. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, amma in na ce ta rubuta goma sha uku, sai ta rubuta 10 ta liƙa 3 a gefe, ya zama 103. Hedimasta ya riga ya faɗa, in ta faɗi lissafi a ƙarshen zango, maimaita aji za ta yi.

Na kai wa Kawu kuka. Ya ce, "Wato yarinyar ba ta taɓa riƙe goma a hannunta ba ke nan." Kwana huɗu ya ajiye aikin mutane yana yanka ragowar katako: ƙananan guntaye masu kusurwa huɗu su ne ɗai-ɗai, dogayen sanduna masu tsaga goma su ne gomomi. In ka jera guntu goma, tsawonsu daidai da sanda ɗaya, ko gashi ba ya shiga tsakani.

Mako ɗaya muka yi da su. Yaro ya tara guntu goma, ya kawo mini, in ba shi sanda. Ranar Alhamis Auta ta ajiye sanda ɗaya da guntu uku a kan tebur, ta daɗe tana kallonsu, ta ce, "Malama, ashe goman ɗaya ce." Na ji kamar in goya ta.

Sai aka ce masu duba makarantu za su zo. Hedimasta ya leƙo ajina, ya ga katakon ya sha hannun yara, ga maiƙo ga majina, ya yatsina fuska ya sa aka kwashe. Ranar Litinin na tarar da su a bangon ofishinsa. An shafe su da jan fenti mai sheƙi, an liƙe su da gam a jikin allo, an jera su sun yi siffar fure. Abin da aka yi don a ɗauka a musanya, shi aka kashe aka rataye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me yaran za su yi aiki?"

Ya ce, "Malama, in suka ɓatar da su, me za mu nuna wa baƙi?"

Baƙin suka zo, suka yi ta ɗaukar hoto. Aka kira Auta, tunda kakanta ne ya yi aikin, aka ce ta nuna goma sha uku. Ta kai hannu za ta ciro sanda, hedimasta ya buge hannun yana wa baƙi murmushi. Yarinya ta rikice, ta ɗauki alli ta rubuta 103. Ni kuwa ban kare ta ba, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina.

Daga ranar Auta ta tsorata da lissafi, ko tsakuwa na ba ta don ta ƙirga sai ta ɓoye hannu a baya. Ta faɗi, ta maimaita aji.

Makaranta ta aika wa Kawu takardar yabo mai hatimi. Na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ninke ta huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar bencinsa, inda daɓe ya lotsa. Yanzu ya yanka wasu sababbi, suna cikin gwangwani a shago. Kullum bayan an tashi makaranta yakan zube su a gaban Auta, ya ce, "Taɓa, ƙazanta su, naki ne." Sai da ta yi wata guda kafin ta yarda ta miƙa hannu.