Gwangwanin Rairayin Baba Manzo

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba Manzo a lokacin kaka ya san hannu ba ya dawowa haka nan. Ka miƙa masa, ya riƙe, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, kafin ya sake ka sai ka ji wani abu a tafinka: soyayyun 'ya'yan kabewa masu gishiri. Aljihun dama na 'ya'ya ne, na hagu na ɓawo. In kana tsaye a bakin masallaci ka ji ƙas-ƙas a bayanka, ba sai ka waiwaya ba. Ku da kuka san shi a Saint-Denis, nan gefen Paris, na san kuna murmushi yanzu, ai dole, ku ci kawai kuka yi. Ni da na zauna gida ɗaya da shi, ni na sha kunyar. Saura ƙiris ma in rasa matar aure a kan kabewar nan.

Wan mahaifina ne. Da babana ya rasu a Damagaram, shi ya ɗauko ni ya kawo ni nan in yi jami'a. Na iso da burina na zama ɗan birni, mai kwat da jaka, wanda ba za a nuna shi da yatsa a jirgin metro ba. Ashe ban san hannun da na faɗa ba.

Lokacin kaka na farko da na yi a nan, ganye ya fara zuba, sai ga bikin nan da Turawa ke fafe kabewa su yi mata idanu da haƙora, yara su sa kayan fatalwa suna bin gidaje neman alawa. Baba Manzo ya leƙa kwandon sharar benenmu ya ga kayan cikin kabewa jibge, sai ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

"Innalillahi! Bature ya ci tuwo ya zubar da miya! Kai Sani, ɗauko bokiti."

"Bokiti kuma, Baba? Ina za mu?"

"Mu ma bin gidaje za mu yi. Kai ne mai Faransanci, kai za ka yi magana."

Haka muka bi bayan yara da la'asar, shi da babbar riga da hula, ni da bokiti. A hawa na huɗu wata tsohuwar Baturiya ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa, ta tafa hannu ta ce kai, kayan nan sun yi kyau ƙwarai, ta zuba masa alawa a hannu, ta ɗauka shi ma shigar bikin ya yi. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Me ta ce?"

"Ta ce... rigarka ta yi kyau, Baba."

"Ta san kaya. Ce mata shadda ce. Kuma ta kawo hanjin kabewar."

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. A zuba a babbar roba, a murje 'ya'yan daga zaren nan mai yauƙi, a wanke, a sake wankewa, har sai ya goga ɗaya tsakanin yatsu ya ji ba santsi. A jiƙa a ruwan gishiri, a baza a faifai, a ɗora kan shofaj. Duk abin ɗumama ɗakin da ke gidanmu faifai ne a kansa, mu kuwa muna rawar ɗari. In ka taɓa, ka ji murya daga ɗaya ɗakin: "Na ji ka!"

Sai ranar suya a fito da gwangwanin. Kun san shi, tsohon gwangwanin madara wanda rubutunsa ya goge. A cikinsa rairayi ne da ya ɗebo a tsakar gidan kakarmu ranar da zai baro gida, irin wanda take soya gyaɗa da shi. Ya sha wuta har ya koma baƙi ƙirin. Baba ya juye shi a kasko, in ya ɗau zafi ya zuba 'ya'yan kabewa yana gauraya, in sun yi ya tankaɗe da rariya a kan jarida, ya tattara rairayinsa tas ya mayar. Ko ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa sai ya lashi yatsa ya ɗauke ta.

Na ce masa, "Baba, ga fur nan fa, murhun gashi na zamani, a sa a ciki a huta."

"Fur na burodi ne. Kai ma lakwal, makarantar bokon nan, ta gasa ka a fur, shi ya sa waje ya ƙone ciki ɗanye."

"To ga rairayi can a filin wasan yara."

"Wanda karnukan Faransa suka yi wa fitsari? Allah shi shirye ka."

Wata shekara hayaƙi ya cika bene, maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana. Suka hawo a guje da hulunan ƙarfe, suka tarar da tsoho a tsugune yana fifita kasko. Ni dai na shige bayi na kulle. Ina jin sa yana ce musu, "Manje, manje!" wato ku ci, da guntun Faransancinsa. Da na fito kowannensu yana tauna, shi kuwa yana yi musu faɗa da Hausa wai suna haɗiye ɓawon.

Ana nan na gama karatu, na sami aiki, na kuma haɗu da Nafisa, 'yar Lyon. Mahaifinta, Alhaji Usmanu, ɗan kasuwa ne mutumin Garwa, ba ya dariya sai da dalili. An ce ya sallami manema kafin ni, don shi asali yake dubawa, ya ga wane ne zai tsaya wa yaro. Ni kuwa duk faɗin Faransa ba ni da babba sai Baba Manzo. Kuma don tsautsayi, ranar da aka ba mu ta zuwa neman aure ta faɗo tsakiyar kaka.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don girman Allah, ranar nan kaɗai, a bar kabewa a Paris."

Ya zazzage aljihunsa biyu a gabana. "Ka gani? Ko ɗaya ba zan ɗauka ba."

Ya cika alkawari. Sai da jirgin ƙasa ya yi nisa na ga jakar goron ta yi nauyin da bai dace da goro ba. Na buɗe, ga gwangwani a kwance.

"Baba!"

"To in bar shi da wa? In gida ya kama wuta fa?"

A gida ango ba ya zama wurin neman aurensa, amma a nan ba mu da yawa, sai aka ajiye ni a lungun falo kusa da takalma. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka ajiye goro. Baba ya gyara murya ya fara magana, wallahi har na ji alfahari, don tsohon ya iya zance in ya ga dama. Ya ambaci kakanninmu, ya ambaci mahaifina, ya kusa kaiwa ga abin da ya kawo mu ke nan, sai ga Hajiya, mahaifiyar Nafisa, ta fito daga kicin da leda za ta kai shara. Miyar taushe take yi mana. Ledar kuwa mai nuna ciki ce.

Maganar Baba ta tsaya cak.

"Hajiya! Ina za ki da wannan?"

"Pubel zan kai, Malam."

"Subhanallahi! Har ke?"

Ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya karɓe ledar, ya ciro gwangwaninsa daga cikin goro, ya shige kicin ɗin surukai kamar gidansa. Na ji ruwa na zuba. Na ji yana cewa a kawo gishiri. Can na ji ƙarar abin busar da gashin Nafisa, don ba lokacin jiran shofaj. Ni da Alhaji muka saura a falo, shi yana kallona, ni ina kallon takalma, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. A raina na riga na yi ban kwana da Nafisa.

Can Alhaji ya ce, "Kullum haka yake?"

Na ce, "Lokacin kaka ne kawai, Alhaji."

Bai yi dariya ba. Da ƙamshi ya fara shigowa ya tashi ya nufi kicin, na bi shi. Ya tsaya yana kallon baƙin rairayin da Baba ke tankaɗewa.

"Malam Manzo, wannan ƙasar ina ce?"

"Damagaram. Tsakar gidan tsohuwata."

"Tun yaushe take wurinka?"

"Tun kafin a haifi wannan sakaran."

Alhaji ya sunkuya ya nutsa yatsunsa a ciki, da sauran ɗuminsa. Ya daɗe yana murza shi a hankali. Daga baya Nafisa ta gaya mini rabonsa da Garwa tun rasuwar mahaifiyarsa. Yana ɗago hannu sai Baba ya cafke masa wuyan hannu.

"A'a, Alhaji, kakkaɓe a ciki. Kada ka tafi mini da shi."

Na rufe ido na ce shi ke nan, an gama da ni. Sai na ji wata irin ƙara da ban gane ba. Ashe Alhaji Usmanu ne ke dariya, har da riƙe ƙofa. Ya kakkaɓe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a gwangwanin, ya ɗebi 'ya'yan kabewa ya ɓare, ya ce, "Mutumin da ya riƙe ƙasar gidansu haka bai zubar ba, in ya riƙe ɗiyata ba za ta wulaƙanta ba. Na ba ku."

Baba ya ce, "Madalla. Hajiya, na baɗi a tara mini."

A tsaye a kicin aka ba ni mata, da hayaƙi a idon kowa. Tun daga nan duk kaka sai Alhaji ya hau jirgi daga Lyon da kabewa a jaka, su zauna su biyu suna gardamar gishiri.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, a nan aka binne shi, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan Paris. Da yawanku kuna wurin. Ana yayyafi, ƙasar kabarin laka ce mai sanyi, ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. Na zo da gwangwanin a cikin rigar sanyina, amma da na ga liman da jama'a sai na kasa fito da shi. Tsohuwar kunyar nan ce ta dawo, me mutane za su ce? Aka saukar da akwati, aka fara zuba ƙasa. Sai Alhaji ya dogara sandarsa ya matso kusa da ni.

"Sani, me ya kumbura maka riga?"

Na ƙara matse gwangwanin a ƙirjina.

"Har yau kunyarsa kake ji? Fito da shi."

Na buɗe murfin, na zuba da hannuna, Alhaji ya zuba, muka juye saura a kan akwatin. Na juya zan ja baya da hawaye, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Kakkaɓe a ciki," ya ce. "Kada ka tafi masa da shi."

Yanzu a fur nake gasa wa yarana, suna ci suna cewa da daɗi, ni na san ba haka take ba. Allah ya jiƙan Baba Manzo, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya riƙe ni bai zubar ba, Allah ya riƙe shi da rahamarsa, ya sada shi da tsohuwarsa a Aljanna. Amin.