Kaɗin Matan Aztek a Tsakar Gidan Kakata

Muna aji huɗu a sakandaren 'yan mata a Kauran Namoda, lokacin duk muna Jihar Sakkwato, malamar tarihinmu ta shigo da wani ƙaton littafi mai hotuna. Ta ce abin da ke ciki ba zai fito a jarrabawa ba, amma mu buɗe kunne. Labarin mutanen Aztek ne, can ƙasar Meziko, kafin Turawa su ci su da yaƙi.

Wallahi ranar ko ƙararrawar tara ban ji ba. Ta ce idan aka haifi namiji, ungozoma takan damƙa masa 'yar garkuwa da kibau, a ba mayaƙa cibiyarsa su binne a fagen fama. Idan mace ce, sai a ba ta ɗan mazari da tsintsiya, a binne cibiyarta kusa da murhu. Mata ke kaɗi, su ke saƙa, kuma tufar da suka saƙa da ita ake ciniki a kasuwa, da ita garuruwan da aka ci da yaƙi ke kai gaisuwa ga sarki. Maza na can suna faɗaɗa ƙasa, amma rabin abin da suke yaƙin a kansa daga yatsun mata yake fitowa.

A cikin kayan da ake ba yarinya har da ɗan ƙoƙo da dunƙulen farar ƙasa. Na ɗaga hannu na tambayi amfanin farar ƙasar. Malama ta ce littafin bai faɗa ba, wataƙila kwalliya ce.

Da za a yi bikin ƙarshen shekara sai ta ce ajinmu zai nuna rayuwar matan Aztek, ana son wadda za ta zauna gaban iyaye da baƙi ta yi kaɗi na gaske. Zumuɗi ya ɗebe ni, na ce ai ni jikar makaɗiya ce. Aka rubuta sunana. Ban taɓa riƙe mazari ba.

Ba nan kaɗai matsalar take ba. Kakata ta wajen uba, da ke Zurmi, ta taɓa kirana ta koya mini kaɗi ina aji ɗaya, na ce mata kaɗi aikin waɗanda ba su je makaranta ba ne. Allah Ya yafe mini. Tun daga ranar ba ta ƙara bari na taɓa kwandon audugarta ba.

Hutun tsakiyar zango kwana biyar ne kacal. Na hau motar kasuwa na sauka Zurmi da tsarabar goro. Na same ta ƙarƙashin dalbejiya, mazari na juyawa kamar da kansa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi buƙatata.

"Iye! 'Yar boko," in ji ta. "Yau kuma biron ya ƙare na?"

"Kaka, ki yi haƙuri. Kunya za ni sha gaban mutane."

"Sha ki ƙoshi. Wai ma su wa za ki kwaikwayo?"

Da na ce mata mutanen ba Musulmi ba ne, har mutane suke yankawa don gumaka, sai ta ja kwandonta jikinta. "A'uzubillahi! Da mazarina? Tashi ki ba ni wuri."

Kwana biyu ta hana. Ni kuwa ban fasa ba, ina mata shara, ina ɗebo mata ruwa, bakina bai rufu ba. A rana ta uku tana gurzar auduga na ce mata, a wajensu idan mace ta haihu, ungozoma kururuwar yaƙi take yi, don sun ɗauki naƙuda a matsayin fagen daga. Wadda ta rasu wajen haihuwa kuwa, darajar jarumin da ya faɗi a yaƙi suke ba ta.

Hannunta ya tsaya. Na tuna, amma a makare, cewa ƙanwar babana, ɗiyarta ta tsakiya, a kan gwiwa ta rasu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Can ta ce, "Mu shahada Annabi ya yi muna albishir da ita, sallallahu alaihi wa sallama. Su ba su samu saƙon ba, amma sun san abin da mace ka gani." Ta share ido da gefen zane. "Mi kuma sunka ce?"

Na zazzage mata duka, har ɗan ƙoƙo da farar ƙasar nan ta kwalliya. Sai ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Kwalliya? Wa ya ce maki kwalliya ta? Alli na, sakarya!"

Ta zaro nata daga kwando, na ƙonannen ƙashi, ta dangwala a yatsu ta murza mazari. Ta ce in babu shi gumi kan sa yatsa ya zame, mazari ya ƙi gudu. Ƙoƙon kuwa don gindin mazari ya zauna ciki kada ya yi yawo. Na daka tsalle ina ihu, kaji suka watse. Abin da Malama da littafinta ba su sani ba, ga shi a kwandon kakata!

"Wanda duk ya san alli, makaɗi na," ta ce. "Zamna. Miƙo hannun nan naki mai kama da na kuturu."

Kwana biyu na sha ranƙwashi. Zare ya tsinke ya fi a ƙirga, yatsuna suka yi jawur. Ta ba ni aron mazari ɗaya, tare da gargaɗin cewa in ya karye kada in sake taka Zurmi.

Ranar biki na zauna a tabarma. Na yi bisimilla a ɓoye. Na murza, zare ya tsinke. Na ƙulla, ya sake tsinkewa, na ji ƙananan dariya daga 'yan aji ɗaya. Wata tsohuwa cikin iyaye ta ɗaga murya, "Sassauta hannun hagu, ɗiyata!" Na sassauta. Sai ga zare yana fitowa, yana tsawo, har hannuna ya miƙe sama gaba ɗaya bai tsinke ba. Tsofaffin nan suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, shugabar makaranta ma ta kasa tsawatar musu.

Da aka yi dogon hutu na mayar wa kakata mazarinta da zaren a naɗe. Ta warware kaɗan, ta ɗaga shi a rana, ta taɓe baki.

"Wanga ko lagwani sai fitila ta yi haƙuri," ta ce. "Gobe da hantsi ki zaka, mu gyara."