Mai Turmi Ne, Ba Mortimer Ba

Ni Nasiru, mai digiri a fannin tarihi, na rubuta wannan domin ta'aziyya, kuma domin ƙorafi.

Da safen nan labari ya riske ni: Baba Salisu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama share hawaye ba na ga sanarwar da ɗansa, Yaya Jamilu, ya wallafa. Sunan Salis Mortimer a sama, ga tambarin gidan sarautar Turawa da aka sayo a intanet, ga alkawarin cewa haka za a sassaƙa a dutsen kabari.

Wannan aika-aika ce ga tarihi, kuma zan fayyace dalili.

Mortimer sunan wani gidan manya ne a Ingila. Tushensa wani ƙauye ne a ƙasar Faransa, ma'anarsa mataccen ruwa. Daga can suka tsallaka da yaƙi, suka mallaki ƙasa a iyakar Wales. Babu ɗigon jininsu a jikin Baba.

Kakansa Mai Turmi ake ce masa, turmi yake sassaƙawa a zongon Kumasi. Wani akawun Bature ne ya ji da kunnen garinsu, ya rubuta Mortimer. Kuskuren ya bi zuriya har cikin fasfo.

Baba Salisu shi ya ɗauko ni a tashar bas ranar da na sauka birnin Greensboro, ina baƙo a ƙasar waje. Ya tashi daga aikin sito a titin Wendover, ko takalmi bai sauya ba. Ya ciyar da ni wake da shinkafa, ya koya mini tuƙi a tsohuwar motarsa, na karya masa madubi, bai taɓa tayar da maganar ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidansa da ke Pleasant Garden ce, yana tsinkar kuɓewa a bayan gida. Na zayyana masa tarihin sunan kaf.

Ya yi dariya har da tari. "Farfesa, ashe mataccen ruwa nake amsawa a wajen aiki? Shi ya sa albashin ba ya motsi!"

Sai ya ajiye kwandon. "Na haƙura da shi a duniya saboda takardu. In na kwanta dama, a mayar mini da sunan kakana."

Yaya Jamilu, kana tsaye a wurin. Ka ce, "Okay, Baba."

Allah Ya gafarta wa Salisu jikan Mai Turmi, Ya haskaka makwancinsa. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a da wannan sunan.

Kai kuma Yaya, da dukkan girmamawa, ina neman amsa a rubuce kafin sallar Juma'ar nan: kabarin mahaifinka za mu riƙa ziyarta, ko na baƙo?