Kwanon Ramatu

Shekara huɗu ke nan da munka kai ƙanwata Ramatu makwancinta a Garhanga. Duk da haka har yau in na ji samari suna dariya wai korona ba ta taɓa zuwa Adar ba, sai raina ya ɓaci. Gidanmu ta zo, wallahi, ko da ba ta kama kowa ba.

Ramatu tana karatun ungozoma lokacin da cutar ta ɓullo, anka tura ta koyon aiki gidan likita a Madawa. Yarinyar da ko haihuwa ba ta gama koyon karɓa ba, sai ga ta tsaye kan mutane suna neman numfashi. Da ta zo hutu, ni babbar yayarta, ni mai wayo, na hana ta sa hannu cikin kwanonmu na tuwo. Na ware mata nata, har na sa ƙusa na karce gindinshi don kada ya haɗu da sauran.

Ranar da ta iso ta zo kusa da ni, idonta jawur, ta fara ba ni labarin wata mai ciki da ta cika a hannunta. Na ja baya na ce ta wanke hannu tukuna. Ta tafi ta wanke. Labarin nan ba ta sake ɗauko shi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Cuta ta lafa, Ramatu ba ta dawo daidai ba. Ta bar lakwal, karatun ungozoma ya tsaya, ta bar dariya, sai wankin hannu har fata ta tsage. Inna ta yi ta kiranta cin tuwo, sai ta ɗauki kwanonta ta koma gindin rumbu. Na ce iyayi ne na 'yan boko, in ta gaji ta bari. Kaicona.

Zazzaɓin damina ya kwantar da ita, kwanciyar da ba ta tashi ba. Na dama fura cikin ƙwaryata, na kai mata ludayina baki. Ta kau da kai.

"Yaya, ina kwanona? Kada in shafa miki."

Yanzu in na ga ɗalibai da fararen riguna a gidan likitan garinmu, nakan tsaya in tambaye su ya gajiya, in saurara har su gama. Da tana nan, na san tsokanata za ta yi, ta ce yaushe na koyi saurare.

Kwanon yana nan. Na goge karcen da toka, na goge da yashi, bai fita ba. A cikinshi nake cin tuwo.