Jerin Sunayen Baffa

Babu daular da ta taɓa tsayuwa da ƙafarta sai da kowa a cikinta ya san ƙofar da zai bi ya kira ɗan'uwansa. Hukuncin nan ya hau kan manyan birane, ya kuma hau kan fayilolin kwamfutata, a ɗakina na Limawa.

Baffana malamin allo ne a Aujara. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya miƙo mini tsofaffin littattafan rubutu guda uku, ya ce in tattara masa sunayen duk waɗanda suka yi sauka a hannunsa, in zo in karanta masa. Yana so ya yi wa kowa addu'a da sunansa tun yana da baki.

Ni kuwa malamin kwamfuta ne a sakandare, kuma ɗan boko ba ya bin gajeriyar hanya matuƙar akwai doguwa. Na ce manhaja zan rubuta. Na tsara ta kamar gidanmu: babbar folda, a cikinta sassa, kowane sashe da ɗakunansa. Fayil ɗin sunaye yana wannan sashe, wanda zai buga jerin yana wancan. Sai mai bugawa ya ƙi ɗauko na sunaye. Na sa ɗigo ɗaya a gaban sunan da yake kiransa da shi, ya ƙi. Na sa biyu don ya haura sama ya gangara ɗaya sashen, kwamfuta ta ce fayil ɗin bai san iyayensa ba.

Mako uku ina fama. Sau biyu Baffa yana aikowa, ina cewa saura ƙiris.

Wata rana ina fama da kwamfutata a ofishin malamai, malamar lissafi, wadda ke zuwa kullum daga Kiyawa, ta leƙo ta bayana.

"Malam, daga ina kake tayar da fayil ɗin?"

"Daga ɗakinsa mana."

"To ka haura katanga ka dira a ƙuryar ɗaki, kana tambaya ina sauran mutanen gidan? Koma zaure ka yi sallama. A Aujara haka aka koya muku shiga gida?"

"Malama, a yi mini a hankali, ni ke koyar da darasin nan."

"Allah ya ji ƙan ɗalibanka."

Na koma babbar folda, na kira fayil ɗin da cikakken sunansa, sashe da ɗaki. Nan take sunaye suka zubo.

Ranar Asabar na isa Aujara da takardar a aljihu. Tun Alhamis bakin Baffa ya rufe. Na zauna a gefen tabarmarsa na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan dakatawa bayan kowanne, inda addu'ar za ta shiga. Idonsa a buɗe yake. Ko ya ji, Allah ne masani.

Jerin shafi biyu ne. Da a ce da biro na yi, da tsakanin azahar da la'asar na gama kwafe shi.