Ranar da Aka Fasa Ɗakin Geronmu

Da asuba na yi ban ruwa kamar kullum. Damina ta faɗi, amma ruwan ya ɗauke. Lambun namu ba irin na bakin dam ba ne. Kango ne a bayan gidana, a gefen garin Kazaure, inda muka jera buhuna cike da ƙasa da taki. A ciki muke shuka alayyafo da rama da kuɓewa. Mu matan unguwa ne muka fara, da kayan miya suka fi ƙarfin kowa. Da farko maza dariya suke mana, wai mun mai da buhu gona. Da miyar ta shiga bakinsu sai dariyar ta ragu.

Bayan ganye muna tara gero. Da kaka kowace mace ta kawo abin da ta samu, wata kwano, wata tiya. Ganyen da ya yi mana yawa mu ba mutanen ƙauye, su ba mu hatsi. A ɗakin da ke jikin zaurena muke ajiyewa, don mijina direban babbar mota ne, bai cika zama ba. Idan aka yi shuka rumbu ya ƙare, sai mu raba wa gidajen da tukunya ta daina hawa murhu.

A wancan makon ƙwari sun shiga geron, ɓera kuma ya huda tsofaffin buhunan. Na shiga kasuwa wajen masu sayar da buhunan da aka zazzage. Na zaɓi farare masu kauri. A jikinsu akwai tambarin kayan tallafin gwamnati, irin waɗanda aka raba wani wuri aka sayar da fankon. Ni kaurin na duba. Muka shanya geron a ƙofar gida, muka ɗura shi a sabbin buhunan, duk mai wucewa yana gani.

Ranar rabo muna da doka ɗaya: wanda ba shi da ƙarfin bin layi, da shi ake farawa. Ni na kawo wannan doka, kuma ina taƙama da ita. Ta farko kullum Inna Gambo ce. Bafulatana ce daga wajen Gwiwa. Shanunsu sun ƙare, ɗanta ya tafi kudu neman abinci, wasu maƙwabta suka ba ta ɗaki. Gwiwoyinta sun mutu, sai an ɗauke ta. Bakinta ne bai mutu ba. Sarkin Noma take kirana, kuma ba ta taɓa cin ramarmu ba tare da ta kushe ta ba.

Ran nan ranar rabo ce. Da hantsi aka kawo ta a Keke Napep. Tsakar gida rana ta fara zafi. Na sunkuya ta hau bayana, na shigar da ita ɗakin geron, na zaunar da ita a tabarma, ta jingina da buhunan.

"Nan ya yi, 'yar nan," in ji ta. "Akwai sanyi."

Mata suka fara shigowa da kwanuka. 'Yata Ummi tana goye a bayana, yayarta Sadiya tana wasa bakin murhu. Tun jiya mun ji cewa gari ba lafiya, samari sun fasa wani shago a can ɓangaren. Ban sa abin a raina ba. Me za a nema a gidana?

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na ji ƙarar. Kamar kasuwa ce ta taso tana tafiya. Sai hon na babura. Sai dutse na farko ya faɗo kan kwanon zaure. Matan suka saki muciya da kwano.

"Ga gidan nan. Ku fito da kayan tallafin talakawa."

Na fita zaure. Layin ya cika har kwana. Samari ne da yawa, da gorori da adduna, amma akwai magidanta, akwai mata a baya riƙe da buhunan wofi. Na ɗaga hannu na ce geron unguwa ne, mu muka tara. Ni kaina ban ji muryata ba. Wani ya sauke mini gora a kafaɗa. Da ya ɗan kauce, a kan Ummi za ta sauka.

"Matsa!"

Ƙyauren zaure ya ɓalle. Aka turo ni baya har tsakar gida. Mata suka watse, wasu ta katanga, wasu cikin ɗakin kwanana. Tukunya ta kife, hayaƙi ya tashi. Sadiya tana tsaye wuri ɗaya tana ihu, mutane na bi ta gefenta.

Ɗakin geron yana hannun damana, ƙofarsa a buɗe. Na hango ƙafafun Inna Gambo a miƙe kan tabarma. Sadiya tana hannun hagu. Inna ta kira sunana sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Hansatu."

Na ji ta sarai. Na kama hannun Sadiya.

"Ita ce mai gidan. Ku tare ta."

Ta lambu muka bi. Na tattake alayyafon da na ba ruwa da asuba. Na keta darni, ƙaya ta tsaga mini ƙafa, takalmi ɗaya ya tsaya a can. Muka hau duwatsun da ke bayan unguwa. Na cusa yaran cikin wani lungu tsakanin dutse biyu, na toshe bakin Ummi da nono. Daga nan ana jin komai. Ana jin kwanon rufi yana ɓamɓaruwa. Ana jin masu ɗiba suna faɗa da juna.

Aka kira azahar muna nan. Bayan kiran na ji jiniya, sai harbi, sai gudu. Sannan shiru. Na tashi zan sauka, sai na hango wasu samari suna zagaye gindin dutsen suna leƙe-leƙe. Na koma na kwanta kan yaran. Sadiya ta yi fitsari a zaune.

Da la'asar muka gangara ta ɗaya gefen, muka faɗa hanyar Roni. Ƙafata ta kumbura. Wani ɗan acaɓa ya wuce mu, ya juyo. Ya kalli jinin, ya ce mu hau. Kafin magariba muna gidan yayana a Roni.

Washegari labarin ya iso ta waya. Masu ɗiba daga ƙasa suka riƙa zaro buhuna, na sama suka rufto a kan Inna. Sannan aka yi ta bi ta kai ana shiga ana fita. Sai da wurin ya watse maƙwabta suka gan ta. Tun jiyan aka yi mata sutura, ina bisa babur.

Mijina ya ce kada in koma, har yanzu ana yawo da sunana, wai ni ce mai ɓoye abincin talakawa. Na zauna a Roni ina jinyar ƙafa. Matar yayana kullum tana cewa ajali ne, ba ni na kashe ta ba. Na sani. Na san kuma ko yau aka sake, Sadiya zan kama. Amma ba wanda ya sa Inna a ɗakin nan sai ni. A bayana na kai ta. Abinci idan aka ajiye mini, sai in ji kunyar sa hannu.

Da ƙura ta lafa na dawo. Geron babu ko ƙwaya. Ƙyaure babu, tukwane babu, kwanon zaure rabi. Buhunan lambu duk an farke, wai ana neman abin da na binne. Cikin waɗanda suka ɗiba akwai 'yan layinmu, har da gidan da rabonsu ke cikin ɗakin, da sun jira zuwa azahar da an kai musu. Na san yunwa ce. Duk da haka akwai waɗanda har yau idan sun gaishe ni da kyar nake amsawa.

Bayan sadakar arba'in ɗanta ya iso daga kudu. Dogo ne, ramamme, mai maganar sanyi. Ya durƙusa a zaure ya yi mini godiya, ya ce an gaya masa ni ke ciyar da ita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da zai tashi ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Yaya, wa ke kusa da ita da za ta cika? An samu wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada?"



"Ɗakin cike yake da mutane," na ce. "Amma ba kowa a wurinta."